Kokawa da Dabarar Kaye a Ƙasar Kura da Bunkure: Jiya da Yau

Gabatarwa

  

Abin da nake so mu duba a wannan fitowa shi ne kokawa, wasan da iyayenmu da kakanninmu na ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam suka tashi a cikinsa, amma yau da wuya ka ji kiɗansa a garuruwanmu. Zan fi mai da hankali ga abu guda, wato ilimin da ke cikin kaye: yadda ɗan kokawa ke raba abokin karonsa da tsayuwarsa kafin ya kai shi ƙasa. A wajenmu wannan ilimi yana ajiye ne a ka da kuma ƙafafun dattawan da suka yi wasan, su kuwa dattawan nan kullum raguwa suke yi. Don haka ya kamata mu san daga ina ya fito, mene ne a cikinsa, me ya same shi, kuma me za mu iya yi a kai.

Daɗewar Kokawa

Kokawa tana daga cikin wasannin da suka fi daɗewa a duniya. A ƙasar Masar, a wani wuri da ake kira Bani Hasan a gefen kogin Nilu, akwai kaburburan manyan mutane da aka sassaƙa cikin dutse kimanin shekara 4,000 da suka wuce, an zana ɗaruruwan 'yan kokawa bibbiyu a jikin bangonsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fage zai gane kamun da ke cikin zanen nan: ga mai rungumar ƙugu, ga mai ɗaukar ƙafa ɗaya, ga mai harɗiya. Jikin ɗan Adam bai sake ba tun daga wancan zamani, saboda haka hanyoyin kayar da shi ma ba su sake ba.

A tarihin Musulunci, Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana, wani ƙaƙƙarfan Baƙuraishe, ya kuma kayar da shi. Malaman sira kuma sun kawo labarin matasa biyu, Rafi'u da Samura, gab da yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira. An karɓi Rafi'u saboda ya iya harbi, aka mai da Samura saboda ƙuruciya. Sai Samura ya ce ai shi yana kayar da Rafi'u. Aka sa su kokawa, ya kayar da shi, shi ma aka karɓe shi.

A ƙasar Hausa kuwa, kokawa ta shiga har cikin tatsuniya. A littafin tatsuniyoyin da R. S. Rattray ya buga a 1913, waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami, akwai labarin wasu ƙatti biyu da suka kama kokawa har suka yi sama, aka ce cidar da ake ji da damina kokawarsu ce. Turawan farko da suka zo ƙasashenmu su ma sun tarar da irin waɗannan wasanni. Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a watan Janairu na 1824, ya ba da labarin damben da mahauta suka yi a gabansa. Abokin tafiyarsa Dixon Denham, wanda ya zauna a Kukawa ta Barno, shi kuma ya ba da labarin kokawar da manyan gari ke sa bayinsu su yi. Ashe ke nan shekara 200 da suka wuce wasannin nan sun riga sun kafu.

Lokacinta da Fagenta

Kafin zuwan ruwan Tiga, shekarar manomin ƙasarmu a rabe take sarai. Da damina ba ka da lokacin kanka, daga huɗa sai noma sai maimai. Da kaka a yanke dawa, a cire gyaɗa, a cika rumbu. Daga nan sai rani, lokacin da gona ba ta da buƙatar kowa. Wasu su tafi cin rani, wasu su koma sana'o'insu na gado. Kura dai ta yi suna a rini da bugu, har rawaninta mai sheƙi, ɗan Kura, ya zama abin ado ga Buzaye a Agadas da sauran ƙasar Azbin. Saurayin da ya yi wata huɗu riƙe da garma da fartanya, ko wanda ya wuni yana ɗaga mabugi, ba ya buƙatar wani ya koya masa motsa jiki.

Tsakanin ƙarshen girbi da tsakiyar rani, nan ne gidan kokawa. Ciki ya cika, aljihu ya ɗan yi nauyi, lokacin bukukuwan aure ya kama, ga farin wata. Samarin wannan gari su aika wa na wancan goron gayyata, makaɗa su zo, a share fili mai yashi, jama'a su yi da'ira. 'Yan kokawa su fito da walki ko bante, wasu da layu da guraye, kowa na kirari. Ana fara wasa da yara, sa'an nan matasa, sai can gwanaye su fito. Dattawa ne alƙalai, su ne ke haɗa tsara da tsara, su ne kuma ke raba waɗanda suka daɗe ba kaye.

Dokar wasan ba ta da yawa. Ba naushi, ba cizo, ba yaƙushi, ba shaƙa. A wasu garuruwa ko hannu ka dafa ƙasa an kayar da kai, a wasu kuma sai gwiwoyi ko mazaunai ko baya sun taɓa. Da zarar an yi kaye wasa ya ƙare, ba a bin mutum ƙasa a danne shi. Mai karatu zai lura cewa wannan doka ta mai da wasan gaba ɗaya ya koma kan abu guda, wato tsayuwa. Wanda ya tsare tasa ya kuma rushe ta abokin karonsa, shi ne gwani.

Makarantar farko ta wannan fanni ita ce langa. Yaro ya kama ƙafarsa ɗaya da hannu, ya yi ta tsalle a kan ɗayar, yana bangazar abokin wasa har ɗaya ya saki ƙafa ko ya faɗi. A nan yaro ke koyon cewa in ya kai bangaza da dukan jikinsa abokin wasa ya goce, shi ne a ƙasa. Kafin ya isa shiga fagen manya ya riga ya yi shekaru yana wannan karatu ba tare da ya san karatu yake yi ba.

Yadda Ake Raba Mutum da Tsayuwarsa

Malamanmu na kimiyya sun koya mana cewa kowane abu yana da wurin da nauyinsa ya tattaru, kuma muddin wannan wuri yana bisa gindin abin, ba zai faɗi ba. A jikin mutumin da ke tsaye, wurin yana ɗan ƙasa da cibiya, gindinsa kuwa shi ne filin da ke tsakanin tafukan ƙafafunsa. In an fitar da nauyin daga wannan fili, mutum zai yi taga-taga, sai dai ya yi taki ya tare kansa ko ya faɗi.

Misali mafi kusa shi ne murhu. Tukunya tana zama daram a kan duwatsu uku, amma in ka zare ɗaya sai ta kife ta wannan ɓangaren. Shi kuwa ɗan Adam duwatsu biyu kaɗai gare shi, saboda haka ko yaya ya tsaya akwai ɓangaren da babu dutse na uku. In ya ware ƙafafu hagu da dama, rauninsa yana gaba da baya. In ya sa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, rauninsa ya koma gefe da gefe. Komai girman ƙato ba zai iya toshe kowace kusurwa a lokaci guda ba. Aikin gwani shi ne ya gano inda babu dutsen, ya kai nauyin ƙaton can. Ga manyan hanyoyin da ake bi:

Na farko, turi da saki. Ɗabi'ar jiki ce in an ture shi ya turje ya mayar da turi. Gwani sai ya tura kaɗan, da ya ji abokin karo ya jingino da dukan nauyinsa sai ya saki ya fizgo shi gaba. Kamar mutumin da ya jingina da ƙofa ne aka zare sakata. Haka nan in ka ja shi ya noƙe baya, sai ka bi shi da turi. A nan ƙarfin mutum ne ke kayar da shi, kuma gwargwadon ƙarfinsa gwargwadon munin faɗuwarsa.

Na biyu, jiran taki. Duk wanda ya ɗaga ƙafa don ya matsa, a wannan ɗan lokaci a kan ƙafa ɗaya yake, ya koma ɗan langa. Taɗiya tana cin ƙafar da ke shirin sauka, lokacin da nauyi ya fara komawa kanta amma ba ta kafu ba tukuna. In ka yi gaggawa ƙafar ba ta ɗauke da komai, sai ya janye ta. In ka yi jinkiri ta riga ta kafu, sai ka ji kamar ka shuri turmi. Tsakanin biyun nan bai fi ƙiftawar ido ba, shi ya sa gwanaye ke cewa da hannu suke jin takin mutum, domin motsin kafaɗa yana riga na ƙafa.

Na uku, kai da wuya. Inda kai ya nufa, can jiki ke bi. Mahauta sun fi kowa sanin wannan: ba ɗaukar sa suke yi ba, ƙaho suke kamawa su murɗe kan, wani ya ja igiyar ƙafar baya, sai ka ga dabbar da ta ninka mutum nauyi sau da yawa ta zube. Ɗan kokawan da ya samu ƙeyar abokin karonsa ya danno ta ƙasa ya riga ya ɗora nauyinsa a kan yatsun ƙafa, saura kaɗan ya dafa ƙasa.

Na huɗu, shiga ƙarƙashi. Duba 'yan dako a kasuwar shinkafa ta Kura. Ba da damtse suke ɗaga buhu ba, durƙusawa suke yi su kai ƙugu da baya ƙarƙashinsa, sa'an nan su miƙe da cinyoyi. Haka ɗan kokawa ke sunkuyawa ya kai ƙugunsa ƙasa da na abokin karo, ya manne da shi, ya yi sama da shi. Ƙarfin mutum daga ƙasa yake tokare shi, da zarar tafukansa sun rabu da ƙasa ya zama kaya. Wannan ne ya sa gajere mai kauri ke zame wa dogo alaƙaƙai.

Na biyar, harɗiya. Mun ce wanda ya yi taga-taga da taki yake ceton kansa. Harɗiya, ko ta ciki ko ta waje, aikinta ta ɗaure ƙafar da zai yi takin da ita, ƙirji kuma ya ci gaba da turi. Sama na tafiya, ƙasa ta tsaya, sai rigingine.

Na shida ba a jiki yake ba, a zuciya yake. Kiɗa da kirari da shewar 'yan mata suna iya tunzura saurayi ya afko da gudu, wanda ya afko kuwa ya kawo nauyinsa da kansa. Gajiya ma haka take, domin wanda numfashinsa ya ƙare miƙewa yake yi ya haɗe ƙafafu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai dai akwai sharaɗi guda. Duk wanda ya kai taɗiya ko harɗiya shi ma a kan ƙafa ɗaya yake, wato ya ba da tasa tsayuwar jingina. Wannan ne dalilin da ya sa gwanaye biyu kan daɗe a sunkuye suna ture hannun juna, 'yan kallo na ƙorafi. Ba tsoro ba ne, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara kuskure.

Abin da Bajapane Ya Rubuta

Abin sha'awa, mutumin da ya yi fice a duniya wajen tsara wannan ilimi a rubuce sunansa Kano, ko da yake ba shi da wata dangantaka da birnin Dabo. Jigoro Kano Bajapane ne, an haife shi a 1860, ya rasu a 1938. Mutum ne mai ƙaramin jiki, malamin makaranta. Ya koyi tsofaffin dabarun kokawar ƙasarsu a wajen dattawa a daidai lokacin da zamani ke neman shafe su, sa'an nan a 1882 ya buɗe makarantarsa mai suna Kodokan a birnin Tokiyo, ya sa wa wasan suna judo.

A tsarin judo kowane kaye hawa uku ne. Hawa na farko shi ne kuzushi, wato rushe tsayuwar abokin karo. Na biyu shi ne shigar da jikinka inda ya dace. Na uku shi ne kayen kansa. Ana koya wa ɗalibi kusurwa 8 da za a iya karkata mutum: gaba, baya, hagu, dama, da kusurwoyi huɗu da ke tsakaninsu. Ana kuma nanata masa cewa wanda ya tsallake hawa na farko ya tafi na uku, dako kawai yake yi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai zama baƙo ga tsohon ɗan kokawar ƙasarmu. Bambancin shi ne Jigoro Kano ya ba kowane kamu suna, ya jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya cire masu haɗari daga gasa, ya kuma shigar da wasan makarantu. A 1964 judo ya shiga gasar Olamfik da aka yi a Tokiyo, yau kuwa ana koyar da shi a kusan kowace ƙasa, har da Nijeriya.

Zuwan Ruwan Tiga

An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya zama gwamnanta har zuwa 1975. A zamaninsa ne aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, sa'an nan aka gina babbar madatsa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa. Tiga tana iya ɗaukar ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta manyan hanyoyin ruwa, ba tare da inji ba, ya ratsa gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da hekta 22,000. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta.

Babu mai musun alherin da ruwan nan ya kawo. Alkama da tumatir da albasa da masara da shinkafa sun maye gurbin zaman jiran damina. Da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, manoman yankin sun ga kuɗi. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da ta shinkafa a Kura suka zama wuraren da manyan motoci ke lodi zuwa kudancin ƙasar nan. Da yawa daga cikinmu da kuɗin tumatir da shinkafa aka biya mana kuɗin jarrabawa. Mutanen da a dā suke fita cin rani, yau su ake zo wa ci rani.

To amma mu dubi abin da ya faru da kalandar manomi. Ana shuka alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba don ta samu sanyin hunturu, a yanke ta wajen Maris. Tumatir ana renonsa tun ƙarshen damina, a dasa shi da kaka, a yi ta tsinka cikin rani. Kafin nan ga yankan shinkafar damina da bugunta. Wato watannin da a dā suke na hutu da kokawa, su ne suka zama mafi cunkoson aiki a shekara. Saurayin da zai kwana a dandali ya san da asuba ban ruwa na jiransa, kuma in ya gurɗe a fage ya yi asarar kuɗin ƙwadago na mako biyu. Ba wanda ya kafa dokar hana kokawa. Lokacinta aka ɗauke, ita ma aka zare mata dutsen murhu guda.

Ba noman rani kaɗai ba ne. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwashi yara daga dandali zuwa aji, makarantun Islamiyya na dare suka ƙaru, malamai kuma suka yi wa'azi a kan tsiraici da layu da cakuɗuwar maza da mata, kuma suna da hujja. Daga baya ƙwallon ƙafa da gidajen kallonta suka zo, sai kuma wayar hannu. Dambe ya tsira domin ya koma birni, ya samu gida da tikiti da masu ɗaukar nauyi, ya kuma samu mawaƙa irin su Ɗan Anace da suka kai sunan Shago ko'ina. Kokawar ƙasar Kano ba ta yi wannan ƙaura sosai ba, ta tsaya a ƙauye tana jiran kakar da ba ta ƙara zuwa yadda aka saba.

Darasi daga Nijar

'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar sun bi wata hanya dabam. A 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka fara gasar kokawa ta ƙasa baki ɗaya a Tawa, inda zakara ke karɓar takobi. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukarsa. Bayansa aka yi gwanaye irin su Salma Ɗan Rani na Dosso da Kadade na Tawa, a zamaninmu kuma ga Isaka Isaka na Dosso, wanda zuwa ƙarshen 2023 ya ɗauki takobin sau 6. Gasar tana zagaya jihohin ƙasar 8, kowace jiha ta kawo 'yan kokawa 10, ana watsa ta a rediyo da talabijin. An gina filayen kokawa a manyan garuruwa, na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Dosso kuma da sunan Salma.

Abin lura shi ne sun yi wa wasan abubuwa uku da ya rasa a wajenmu: tsayayyen lokaci, tsayayyen fage, da rubutacciyar doka mai alƙalai da agogo. Yaron da ke Maraɗi ko Damagaram yana ganin harɗiya da taɗiya a hannun gwanaye kowace shekara, sai ya fita ya gwada. A nan gida ma kokawa ba ta mutu ba. Tana nan da ƙarfinta a ƙasashen Sakkwato da Kabi, ana yinta a bikin kamun kifi na Argungu, tana kuma cikin wasannin gargajiya na gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da langa. Wanda ke ganin wasan ƙauye ba ya kai mutum ko'ina, ya tuna da Daniel Igali, ɗan Jihar Bayelsa da ya tashi cikin kokawar gargajiyar Ijo, ya ci zinare wa Kanada a Olamfik ta 2000, da Blessing Oborududu, ita ma 'yar Bayelsa, wadda ta ciwo wa Nijeriya azurfa a gasar Tokiyo da aka yi a 2021.

Kammalawa

Lissafin a bayyane yake. Saurayin da ke da shekara 20 ranar da aka gama Tiga a 1974, yau ya haura 70. Su ne na ƙarshe da suka yi kokawa a cikin tsohuwar kalanda, su ne suka san sunan da kowane gari ke kiran kowane kamu, da kirarin gwanayen da suka shuɗe, da garuruwan da ke gayyatar juna. In suka tafi da shi, jikokinmu sai dai su koyi kuzushi da Japananci a hannun baƙo, alhali kakanninsu sun san shi da Hausa.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Ta farko, kowane reshe ya nemi tsofaffin 'yan kokawar garinsu, a je da goro da ladabi, a ɗauki bayaninsu a waya, a sa matasa biyu su gwada kamun a gabansu suna gyarawa. A cikinmu akwai malaman Hausa da na tarihi da za su iya tace abin su mai da shi ɗan littafi. Ta biyu, mu roƙi hukumar makaranta ta sa langa da kokawa cikin gasar gidaje ta shekara-shekara, a kan yashi mai laushi, da sutura mai rufe al'aura, ba layu, a haɗa yara gwargwadon nauyinsu, malamin motsa jiki da ma'aikacin lafiya suna tsaye. Tifa biyu ta yashi da kofi guda ba su fi ƙarfin ƙungiyar nan ba. Ta uku, mu nema wa wasan sabon lokaci a cikin kalandar noman rani, alal misali bayan yankan alkama kafin saukar damina, da la'asar sakaliya in rana ta yi sanyi.

Ba wanda ke cewa a mayar da ruwan Tiga don a dawo da dandali. Abin da muke nema shi ne a samar wa tsohon ilimi mazauni a cikin sabuwar rayuwa, tun masu shi suna raye, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ina fata masu ƙarin bayani, musamman malamanmu da suka ga wasan da idonsu, za su aiko wa Edita don fitowa ta gaba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci ruwanmu da gonakinmu, Ya ɗaukaka makarantarmu, Ya kuma ƙara haɗa kanmu. Amin. Wassalam.